Kumfa na malala daga magudanar injin wanki: kurakuran da aka fi yi da yadda za a gyara su

Kiran yakan zo ne da hantsi, bayan an kawo wuta an yi maza an zuba wanki. "Malam, don Allah taho ka gani, injin ga ya ɓaci, kumhwa ta cika muna ɗaki." Ko Mabera ne, ko Arkilla, ko Runjin Sambo a nan Sakkwato, idan na isa abin da nake tararwa kusan iri ɗaya ne: farar kumfa na tasowa daga bakin bututun da aka zura tiyon injin, ta biyo bango ta shimfiɗe a kan tayil, uwargida na tsaye da tsintsiya ranta a ɓace. A mafi yawan gidajen nan injin lafiyarsa ƙalau. Abin da aka zuba masa da hanyar da aka yi wa ruwansa su ne ke da magana.

Babban kuskuren ya samo asali ne daga baho. Dukanmu da wankin hannu muka taso, kuma a wankin hannu kumfa ita ce shaida: idan ta mutu, ka san ƙarfin sabulu ya ƙare, sai ka ƙara. Masu yin omo sun san haka, shi ya sa omon wankin hannu ake haɗa shi ya yi kumfa sosai. To amma injin da ke da ƙofa a gaba ba haka yake wanki ba. Ruwa kaɗan yake ɗiba, ya ɗaga tufafi sama ya sako su ƙasa, wannan bugun ne ke fitar da dauɗa, kamar yadda ake buga wanki a kan dutse a bakin gulbi. Idan kumfa ta cika cikinsa sai ta zama katifa, kaya su riƙa faɗowa a kan laushi, dauɗa na nan daram. Ga asarar omo, ga wanki bai fita ba.

Daga nan sai abin ya gangara magudana. Lokacin zubar da ruwa, ɗan famfon da ke cikin injin yana kaɗa ruwan omon nan da iska kamar ana kaɗa ƙwai. Ruwa yana da nauyi, zai bi bututu ya wuce. Kumfa kuwa kusan duk iska ce, ba ta gangara, sai ta tsaya a lanƙwasar bututu ta taru, ta bayanta na turo ta, har ta nemi mafita ta sama.

Maganin wannan a hannu yake. A nemi omon da aka rubuta a jikin ledarsa cewa na inji ne, galibi za a ga hoton injin wanki a kai. Sannan a ajiye gwangwanin madara, awon nan ya yi yawa ƙwarai. Ga inji mai ƙofa a gaba, babban cokali 2 ya wadatar wa wankin yau da kullum, 3 idan kayan yara ne da suka sha ƙasa. Na san da wuya zuciya ta yarda. Hajiyoyi da yawa sun ce da ni, "Wanga ɗan kaɗan ɗin mi za ya wanke?" Amsata kullum ita ce a gwada sau 2 a duba wuyan rigar. A leƙa ta gilashin ƙofa ana tsakiyar wanki: ɗan kumfa a ƙasa-ƙasa shi ne daidai, idan ta kai rabin gilashin an zarce.

Akwai kuma omon da ba a lissafa shi. Uwargida ta jiƙa fararen kayan maigida tun dare a ruwan omo, ta goga sabulu a wuya da hannun riga, da safe ta kwaso su suna ɗiga ta zuba a inji, sannan ta sake auna omo cikakke. An yi awo biyu ke nan. Kayan da aka jiƙa, ko dai a ɗauraye su sau ɗaya kafin su shiga, ko a bar omon da ke jikinsu ya yi aikin. Tawul da bargo da darduma sun fi kowane kaya riƙe sabulu, wani lokaci na wankin baya ma yana nan a jikinsu.

Sabulun ruwan nan da mata ke haɗawa a gida suna sayarwa a gora, ina girmama sana'ar, kuma yana da kyau ga kwanuka da goge ɗaki. Amma da gangan ake sa masa sinadarin ƙara kumfa, domin mai saye da kumfa yake gane mai kyau. Kada ya shiga injin wanki. Haka sabulun wanke kwanuka irin su Morning Fresh, haka shamfu da wasu ke zubawa don mayafi ya yi ƙamshi. Cokali guda na irin waɗannan ya isa ya cika banɗaki da kumfa.

Wani abin da ba a cika lura da shi ba shi ne ruwan kansa. Ruwan rijiya ko burtsatse mai zartsi yana cinye ƙarfin sabulu, kowace mace ta san wannan daga wankin hannu. Ruwan sama kuwa da ɗan kaɗan yake tashi. Saboda haka gidan da ya saba da awo ɗaya duk rani, idan damina ta sauka aka fara tarar ruwan indararo ana zubawa a tanki, ko aka sauya mai kawo ruwa, sai a ga kumfa ta ɓarke alhali ba a ƙara komai ba. Idan ruwa ya sauya, awo ma ya sauya. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, ruwan tankin sama da kansa yake ɗumi, yana narkar da omo tas, don haka a rage. Da hunturu kuma ruwan sanyi kan bar omo da gudaji, ya fi kyau a narkar da shi a kofin ruwan ɗumi kafin a zuba.

Yanzu ga kumfa ta riga ta malalo. Abin da aka fi yi shi ne a kwarara mata bokitin ruwa a hau shara da tsintsiya, ita kuwa sai ƙara tashi take yi. Kafin komai, wuta. Sau da yawa nakan tarar da abin jona wuta yashe a ƙasa, kumfa na lasar sa, yara na yawo ba takalmi. Wannan shi ne abin da ke tayar mini da hankali fiye da injin. A fitar da yara da tsofaffi, tayil mai sabulu yana karya ƙugu. A sa takalmin roba, a busar da hannu, a kashe soket daga bango. Idan ba za a kai ga soket ba sai an taka ruwa, a kashe wutar gidan gaba ɗaya daga babban makunni. Sannan a kwashe kumfar da abin kwasar shara, a bi da busasshen tsumma.

Injin kuma a ƙyale shi kamar minti 30, kumfa da kanta take kwanciya. Kada a yi ta fama da ƙofa ana so a buɗe da ƙarfi, makullin zai karye. Bayan nan a zuba murfi guda na ruwan tausasa tufafi a cikin lita 1 na ruwa, a zuba ta aljihun omo. Sinadarinsa kishiyar na omo ne, yana kashe kumfa nan take. Sai a kunna ɗauraya da matsa kawai, ba tare da ƙara komai ba, a maimaita har ruwan da ke fita ya washe. Wasu na amfani da farin binega, yana ɗan taimakawa, amma idan an sa Hypo ko Jik a wankin nan to kada binega ya kusanci injin. Haɗuwarsu na fitar da iska mai guba da ke ƙona ido da ƙirji, balle a ƙaramin banɗaki marar taga.

Kuskuren da ya fi ba ni aiki shi ne toshe bakin bututu. Maigida ya gaji da ganin kumfa, sai ya samo leda da tsumma da robar taya ya ɗaure tiyo da bututu tamau, wani har siminti yake sawa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Wannan ratar da ke tsakanin tiyo da bututu ba sakacin mai aiki ba ne, dole ne iska ta samu hanya. Idan aka rufe, bututu kan riƙa zuƙe ruwan injin yana cikin ɗiba, inji ya yi ta ɗiba ba ya cika, ko kuma ƙazamin ruwa ya dawo cikin kaya su fito suna wari. Kumfar kuma ba ta fasa fita ba, sai dai ta ɓullo ta rariyar wanka ko ta wurin wanke hannu.

Yadda ya kamata abin ya kasance: bakin bututun ya tashi daga ƙasa kamar santimita 60 zuwa 90, a duba littafin injin domin kowane kamfani na faɗin nasa. Tiyo ya shiga ciki kamar santimita 15, kada a cusa shi har ƙarshe ya nutse a ruwan da ke kwance a lanƙwasa. Faɗin bututu kada ya gaza inci ɗaya da rabi, inci 2 ya fi. Yawancin gidajenmu ba a gina su da tunanin injin wanki ba, sai daga baya a kira mai aikin famfo ya jona da siririn bututun wurin wanke hannu, ya yi masa gwiwa uku ko huɗu kafin ya kai waje. Injin na turo ruwa da ƙarfi cikin ɗan lokaci, siririn bututu ba zai iya haɗiyewa ba. Irin wannan ko an rage omo sai an sake bututun.

Inji mai kwano biyu, wanda ya fi yawa a gidajenmu saboda sauƙin kuɗi da haƙurinsa da ƙaramin janareta, nasa dabam ne. Yawancinsu ba su da famfon turo ruwa, gangara kawai ruwan ke yi. Tiyonsa a kwance a ƙasa yake so. Masu ɗaga shi su rataya a bututu mai tsayi, ko su ƙara masa tsawo da siririn tiyon ban-ruwa don ya kai rariya, su ne ke kuka ruwa ba ya fita. Shi ya fi jure omon wankin hannu, amma idan aka cika, kumfa kan shiga kwanon matsa ta riƙe shi ya kasa gudu.

Sai dai ba kullum omo ke da laifi ba, kuma rashin bambancewa na sa mutane su yi wata guda suna rage awo ba sauyi. Gwajin mai sauƙi ne. A zare tiyo, a juye bokitin ruwa zalla a bututun da sauri. Idan ya wuce sumul, matsalar kumfa ce. Idan ya yi gurgur ya dawo, ko ya tsaya yana sauka a hankali, hanya ce ta toshe, kumfa ta riga ruwa fitowa ne kawai don ta fi shi sauƙin tashi. A garin nan abin da ke toshe bututu sananne ne: yashi da ƙurar hunturu da ke fita daga kaya, zaren tufafi, da maiƙon miya idan an haɗa layi ɗaya da kicin. Wani lokaci ma ba a nan gizo ke saƙa ba, sai ka fita waje ka ga kwata ta cika da ƙasa da ledar ruwa har ta rufe bakin bututu, ko ramin sokawe ya cika. A fara dubawa daga waje kafin a fasa tayil.

Ina roƙon jama'a su daina zuba soda ko ruwan batir a bututu. Ba sa narkar da yashi, zafin soda na iya lanƙwasa bututun roba, kuma idan ruwan ya dawo sama a fuskar mutum yake fantsama, ko ta mai gyaran da aka kira daga baya ba a gaya masa an zuba ba. Wayar zura bututu mai lanƙwasa da ruwan zafi su ne kayan aikin. Idan tiyo a rariya yake zuba, a ɗaura masa tsohuwar safa a baki ta riƙa tare zare, a riƙa sauya ta kafin ta cika.

Mutane da yawa sun shekara da inji mai ƙofa a gaba ba su san akwai matata a ƙasansa ba. Wata 'yar ƙofa ce a gaba daga ƙasa, galibi ta hannun dama. A kashe wuta, a shimfiɗa tawul, a kara faranti mai zurfi, a murɗa murfin a hankali domin ruwa zai fito. Abin da nake cirowa a wurin ba ya ƙirguwa: fil na hijabi, maɓalli, tsinken sakace, ƙwallon dabino, guntun goro. Idan matatar ta cushe, ruwa na fita da ƙyar, ɗauraya ba ta kammala, sabulu na taruwa daga wanki zuwa wanki. Injin LG kan nuna OE idan ya kasa zubar da ruwa, Samsung kuma 5C ko 5E, idan kumfa ta yi masa yawa ya rubuta Sud ya tsaya yana jira ta kwanta. Wannan tsayuwar ba lalacewa ba ce, kada a yi ta kashewa ana kunnawa. A riƙa buɗe matatar duk bayan wata 2.

Saboda gudun kada a ɗauke wuta, kusan kowa gajeren wanki na ruwan sanyi yake zaɓa. Na fahimci dalilin, amma gajeren wanki ɗaurayarsa kaɗan ce, ragowar omo na manne a bayan gangar da kaya ke juyawa a ciki, inda ido ba ya gani. Alamarsa ita ce ka kunna inji ba kaya ba omo, ka ga kumfa na tashi. Sau ɗaya a wata, ranar da wuta ta zauna, a bar shi ya yi dogon wanki a digiri 60 ba komai a ciki, a ciro aljihun omo a wanke shi da buroshi. Ga wanda ke sayen ruwa jarka-jarka a wurin 'yan ga-ruwa, wannan ya fi araha a kan ɗauraya uku-uku da ake yi kullum don korar kumfa.

Inda ya kamata a tsaya a kira mai gyara shi ne idan kumfa ko ruwa na fitowa ta ƙarƙashin injin ba ta bututu ba, ko jikinsa na jan mutum idan an taɓa, ko ana jin ƙaurin waya. Kumfa kan kai ga mota da allon lantarkin injin, kuma gyaran allon nan na da tsada ƙwarai. A zare shi daga soket, a bar ƙofarsa da aljihun omo a buɗe ya sha iska, kada a sake kunnawa don gwaji sai mai gyara ya buɗe bayansa ya duba.