Yadda Ake Kwatanta Samurai na Japan da Baraden Turai

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Zazzau ranar hawan salla, ya ga 'yan sulke da 'yan lifida suna wucewa, ya san cewa doki da kayansa sun fi ƙarfin aljihun talaka. Saboda haka ɗalibin da aka ba aikin kwatanta samurai, wato mayaƙan Japan na da, da baraden Turai ya fara da tambayar wanda ke ciyar da dokin, ya bar maganar takobi sai can ƙarshe.

Kafin nan sai ya tsai da zamanin da zai yi magana a kai. Kuskuren da na fi gani a takardun ɗalibai shi ne a ɗauko barden da ya yi yaƙin Hastings na Ingila a 1066, a jera shi da samurai na zamanin mulkin gidan Tokugawa wanda ya fara a 1603, alhali shekara fiye da 500 ce a tsakaninsu. Ya fi dacewa a ɗauki zamanin Kamakura, bayan an naɗa Minamoto Yoritomo shogun, wato shugaban mayaƙa mai riƙe da mulkin Japan, a 1192, a gwada shi da Turai ta ƙarni na 12 da na 13.

Batun abinci shi ne ƙashin bayan aikin. Barden Turai ƙasa ake ba shi bayan ya yi mubaya'a, bisa sharaɗin zai fita yaƙi, galibi kwana 40 a shekara, kuma a Ingila an riƙa karɓar kuɗi a maimakon fitar. Samurai na farko ma da ƙasa ake saka musu, amma a zamanin Tokugawa an tattara yawancinsu a garuruwan iyayen gidansu, ana biyan su da shinkafa da mudun da ake kira koku, kimanin lita 180, wato abincin mutum ɗaya na shekara. Mutumin Zariya ba zai sha wahalar gane wannan ba idan ya tuna cewa kafin zuwan Turawa masu sarautar Zazzau a birni suke zaune, jakadu ne ke karɓo musu haraji daga garuruwansu. Sai dai misali ne na jan hankali kawai, kada a gina hujja a kansa.

Daga nan a dubi yadda kowa ke yaƙi. Samurai na farko maharbi ne a kan doki, baka da kibiya ne abin alfaharinsa, shi kuwa barde yakan matse mashi a hammata ya yi sukuwa cikin abokan gaba. A duba kuma abin da ke faruwa idan an ci mutum da yaƙi: a Turai kama babban mutum riba ce, shi ya sa da aka kama Sarki John na Biyu na Faransa a Poitiers a 1356 aka yanka masa fansa mai nauyi, a Japan kuwa an girmama wanda ya farke cikinsa don kada ya shiga hannu.

A rufe takardar da yadda ƙarfinsu ya ƙare. Maharban Ingila sun karkashe baraden Faransa a Crécy a 1346. Bindiga ta isa Japan a hannun mutanen Fotugal a 1543, amma samurai suka rungume ta, suka ci gaba da mulki har 1868, sannan sabuwar gwamnatin Sarki Meiji ta hana su rataya takobi a 1876.