Yadda ake farautar ɓoyayyen abun sararin samaniya da wayar faiba

Wannan ɓoyayyen abun, da ake kira dark matter a Turance, wanda ba ya haske kuma ba a ganinsa, shi ne kusan kashi 85 cikin 100 na duk abu mai nauyi a sararin samaniya. In har nauyin ƙwayoyinsa ɗan kaɗan ne ƙwarai, to ba kamar tsakuwa yake zuwa ba, kamar igiyar ruwa yake, yana ta kaɗawa, kuma nauyinsa ne ke yanke saurin kaɗawar. Ana hasashen kaɗawar nan za ta sa girman atom ya riƙa ɗan kumbura yana motsewa, kenan faiba ma, wato zaren gilashi mai ɗaukar haske, tsawonta zai riƙa canzawa. Irin wannan canjin kake nema.

Da farko ka samo leza mai tsayayyen haske, mai tsawon zangon haske wajen nanomita 1550, don a nan ne faiba ta fi rashin cinye haske. Sai ka raba hasken biyu, ɗaya ya bi gajeriyar hanya, ɗayan ka tura shi cikin nadin faiba mai tsawon gaske. A gwajin DAMNED da aka yi a Faris, wanda sakamakonsa ya fito 2021, sun yi amfani da nadin kilomita 52 da na 56, haske na ɗaukar kamar kwatan milisakan kafin ya fita. Ka sake haɗa hasken hanyoyin biyu a kan na'urar auna haske, kana kwatanta hasken yanzu da na ɗazu kenan.

Wahalar fa duk tana wajen hayaniya. Zafi ya ƙaru da digiri ɗaya kacal, hanyar hasken ta canza da wajen rabin mita, ga girgizar ƙasa ga ƙarar fanka, har takun mutum faiba tana ji, shi ya sa ake rufe nadin cikin akwati a kan teburin da ba ya girgiza, kuma ake duba kaɗawa mai sauri, su na Faris tsakanin kilohaz 10 zuwa 200 suka duba, wato kaɗawa dubu 10 zuwa dubu 200 a sakan ɗaya.

Sai ka tara bayanai na kwanaki, kwamfuta ta tace maka. Tsini kake nema a jadawalin saurin kaɗawa, siriri sosai, faɗinsa kashi ɗaya cikin miliyan na saurin kaɗawar. In ka ga tsini kar ka yi saurin murna, canza tsawon faibar ka sake aunawa tukuna, yawanci na'urarka ce ke maka wasa. Su ma na Faris ba su ga komai ba, sai dai sun rage yawan hasashen yadda abun zai iya kasancewa.