Darasi na Bakwai: Duba Magudanar Bahon Wanka Kafin a Rufe Ƙasa

Idan mai gida ya tashi sabunta banɗaki, yawanci hankalinsa yana kan launin tayil da sabon baho, alhali abin da zai dame shi daga baya yana binne a ƙarƙashin siminti. Sa'ad da aka ɗaga tsohon baho aka fasa daɓe, a nan ne kawai ido zai iya ganin bututun, saboda haka kada a bar magini ya zuba siminti sai an gama dubawa.

A fara da lanƙwasar bututun da ke ƙarƙashin ramin baho, wadda ta yi kama da harafin U. Ruwa mai zurfin santimita 5 zuwa 10 yana kwanciya a cikinta kullum, kuma wannan ɗan ruwan shi ne ke tare warin sokawe, mai kama da na ruɓaɓɓen ƙwai, ya hana shi biyo bututu zuwa cikin ɗaki. A kwance ta, a fitar da gashi da daskararren sabulu, a duba ko ta tsage. Idan tsohon bututun na ƙarfe ne, a leƙa cikinsa da tocila, domin tsatsa takan cinye shi daga ciki har hanyar ruwa ta ƙuntata, ko da bayansa yana da kyau. Irin wannan gara a musanya shi da na roba, wato PVC, mai faɗin inci ɗaya da rabi. Bututun da ya tashi daga lanƙwasar kuma dole ya riƙa gangarawa kamar santimita 2 a kowace mita, in ba haka ba ruwa zai kwanta, datti ya taru.

Bututun iska, wato wanda ke tashi daga magudana ya fita saman rufi don shigar da iska, shi ne wanda aka fi mantawa da shi, har wasu masu gyaran famfo sukan yanke shi don ya yi musu tsaye a hanya, kuma wannan babban kuskure ne. Wanda ya taɓa kifa jarka cike da ruwa ya san yadda ruwan ke fita yana shaƙewa, saboda iska na neman hanyar shiga. Haka abin yake a magudana: idan babu iskar da ke bin ruwan a baya, ruwan da ke gudu sai ya zuƙe wanda ke cikin lanƙwasar, wari ya samu ƙofa. Alamar ita ce ƙugi daga ramin baho, musamman lokacin da aka kora masai. A bi bututun da ido har inda ya ɓullo saman rufi, a tabbatar bakinsa ya yi nesa da taga, sannan mai gyara ya hau ya duba ko sheƙar tsuntsu ko ganye sun toshe shi.

Bayan an haɗa komai, a shimfiɗa busasshiyar takarda a ƙarƙashin kowace mahaɗa, a toshe bahon, a cika shi har ruwa ya fara bin ƙaramin ramin da ke gefensa na sama, sannan a saki ruwan gaba ɗaya ana saurare. Idan takarda ta jiƙe ko aka ji ƙugi, a dakatar da magini, a gyara wurin, a sake gwajin daga farko.