Kurakuran da masu shirin dokumantari suka fi yi in za su taɓa matsalar al'umma

Kuskuren da ya fi ci min rai shi ne saurin kunna kyamara. Mutum ya sauka a tsangaya ko sansanin 'yan gudun hijira a Maiduguri, ko gaisawa bai gama ba ya fara ɗaukar yara suna bara, wai ya samu abin da yake nema. Haba malam! Ka fara zuwa hannu rabbana, ka gaida mai unguwa, ka zauna da alaramma ka faɗa masa abin da ya kawo ka da inda fim ɗin zai je, ka koma sau biyu sau uku, sai ka ga mutane sun saki jiki suna faɗa maka abin da ba za su taɓa faɗa wa baƙo ba.

Daga nan sai maganar izini, kuma ba wai "in ɗauke ki?" kawai ba. Matar da ke fama da yoyon fitsari za ta iya cewa to saboda kunya ko don tana zaton tallafi kuka kawo, alhali ba ta san gobe fuskarta za ta yi ta yawo a Facebook da TikTok har dangin mijinta su gani ba. Ka yi mata bayani da Hausar da za ta gane, in ta ce a rufe fuska a rufe, a sauya murya, a cire sunan garin ma. Yaro kuwa sai da yardar iyaye ko mai riƙonsa. Kuma don Allah a daina alkawarin taimakon da ba za a cika ba.

Sauti fa? Wannan kullum ana raina shi. Ana kashe kuɗi a kyamara amma makirfo babu, a zo tacewa sai ƙarar janareta da hon ɗin adaidaita. Sayi ɗan makirfon da ake maƙalawa a riga, sa abin ji a kunne lokacin ɗauka, in an kira sallah a dakata.

Wasu kuma tun daga gida sun riga sun yanke hukunci, sai su yi ta cusa wa mutum amsa a baki. Yi tambaya ka yi shiru. Ka ji ta bakin wanda ake zargi shi ma, ka tabbatar da duk adadin da za ka faɗa. Shirin da BBC ta yi kan kodin a 2018 bincike ne ya riƙe shi, shi ya sa cikin 'yan kwanaki gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin.

Ka kwafi abin da ka ɗauka wuri biyu a ranar, memori ba ta da amana. In a Kano za ka yi aikin ka leƙa Hukumar Tace Fina-finai ka ji ka'idojinsu tun kafin ka fara, in kuma an gama ka koma ka nuna wa mutanen da ka ɗauka kafin ka sake shi.