Kurakuran da masu zama a motar-gida suka fi yi a aikin sa-kai na gaɓar tekun Oregon

A jihar Oregon ta Amurka, gaɓar tekun Fasifik ta kai mil 363, kuma tun dokar 1967 jama'a ke da 'yancin shiga bakin ruwan daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Masu kula da wuraren da ke kan gaɓar da yawansu 'yan sa-kai ne, waɗanda suka mayar da motar-gida, wato RV, mazauninsu na dindindin. Hukumar wuraren shaƙatawa ta jihar tana ba su wurin ajiye mota da ruwa da lantarki, su kuma su ba da lokacinsu.

Kuskuren farko, ɗaukar abin a matsayin hutu na kyauta. Aiki ne. Za ka share wurin kwanan baƙi, ka kwashe toka, ka sayar da itacen hura wuta, ka amsa tambaya ɗaya sau goma da fara'a. Galibi ana so ka yi aƙalla wata guda. Kafin ka amsa, ka tambayi sa'o'in mako da ranakun hutunka, a rubuce. Kuma ka nema da wuri, domin guraben watannin Yuni zuwa Agusta suna cika tun da sauran watanni.

Amma abin da ya fi cin mutane shi ne danshi, kuma a nan na fi so a tsaya. Mai zuwa daga busasshiyar ƙasa ba ya tsammaninsa. Ka rufe tagogi saboda sanyi, ka dafa shinkafa a kan gas, ka kwanta. Da asuba ruwa na tsiyaya a jikin gilashi. Bayan 'yan makonni ka ɗaga katifa ka tarar da baƙar fumfuna ta cinye katakon ƙasa. Maganin ba wuya: ka sayi na'urar tsotse danshi, ka riƙa barin kafar iska ta rufi a ɗan buɗe ko da ana ruwa, ka sa wa katifa shimfiɗar da iska za ta ratsa ta ƙarƙashi, kada kuma ka cusa tufafi har su manne da bangon kabad. Daga waje kuma gishirin iska na aikinsa, yana sa tsatsa a matakala da makullai. A riƙa ɗauraye su da ruwan famfo ana shafa mai.

Rumfar jikin mota kuwa, kada ka tafi aiki ka bar ta a buɗe. Iskar arewa da ke tasowa bayan azahar tana iya karya sandunanta. Haka bawul ɗin tankin bayan gida: a bar shi a rufe sai tankin ya kusa cika, in ba haka ba ruwa ya tsiyaye, ƙazanta ta daskare.

Sai raina teku. Ruwan nan sanyi ƙalau yake ko a watan Agusta, kuma akwai igiyar da kan zo ba zato ta wuce inda sauran ke tsayawa. Gungumen da ka ga yara na hawa, ruwa kaɗan ya isa ya mirgina shi a kansu. Ɗan sa-kai ya dubi jadawalin cika da janyewar teku kowace safiya, ya kuma taka hanyar gudun tsunami, wato ambaliyar teku da girgizar ƙasa kan haddasa, da ƙafarsa tun ranar da ya sauka. Girgizar ƙasa mai girma ta taɓa afka wa yankin a Janairun 1700.

Na ƙarshe, zafin kai. Daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Satumba ana killace wasu sassan yashi saboda wani ɗan tsuntsu da ke yin ƙwai a fili, ba sheƙa a sama. Za ka ga mai kare ya nufi wurin. Kai ba ɗan sanda ba ne. Ka gaishe shi, ka yi masa bayanin ƙwan da ba a iya bambanta shi da yashi. In ya ƙi ji, ka kira jami'in wurin.