Babi na Bakwai: Yadda Shafinka Zai Matso Sama a Google

Darasi na 1

Iyayena da yayyena, kowa ya ɗauko wayarsa ya buɗe Google. Ku rubuta abin da kuke sayarwa da sunan garinku, misali "turaren wuta Maiduguri" ko "ɗinkin kaftani Kano". Jerin shafuka zai fito. Waɗanda aka rubuta "Sponsored" a kansu talla ne, kuɗi aka biya, ku tsallake su. Na ƙasa da su ne maganarmu ta yau.

Wasu ɗalibai biyu na jami'ar Stanford a Amurka, Larry Page da Sergey Brin, su suka kafa Google a 1998. Dabararsu ita ce: idan wani shafi ya sa adireshin shafinka a cikinsa, ya shaide ka ke nan. Kamar baƙo ne ya shiga kasuwa yana tambayar mai kilishi mai kyau, mutane suna ta nuna masa rumfa ɗaya. In kuma sarkin kasuwa ne ya nuna, nuninsa ya fi na yaron da ke wucewa nauyi. Don haka adireshinka a shafin jarida ko na makaranta ya fi shi a shafin da ba wanda ya sani. Google na duba wasu abubuwa da yawa, amma ku fara riƙe wannan.

Darasi na 2: Kwafar adireshi

A nan ake faɗuwa, shi ya sa za mu daɗe. Adireshi shi ne rubutun da ke cikin dogon akwatin nan na saman shafi, wanda galibi yake ƙarewa da .com ko .ng. Shi ne matasa ke kira linki.

Buɗe shafinka a Chrome, manhajar buɗe shafukan intanet. Taɓa akwatin sama sau ɗaya. Za ka ga alamar takardu biyu, ɗaya kan ɗaya. Taɓa ta. Ka kwafa ke nan, ko da ba ka ga wani abu ya motsa ba. Kada ka tsorata, wayar ta ajiye shi.

Yanzu shiga Facebook ko WhatsApp. A wurin rubuta saƙo, ɗora yatsa ka danne, kada ka ɗaga sai kalmar "Paste" ta fito. Taɓa ta. Adireshin zai bayyana. Tura.

Mu sake. Akwatin sama, takardu biyu, wurin saƙo, danne, "Paste", tura. Hajiya, in yatsa ya zame ba komai, ɗaga ki sake dannewa. Wanda bai taɓa yi ba dole hannunsa ya yi rawa, kuma kuna ƙoƙari ƙwarai.

Sai dai akwai abin da nake gani kullum. Mutum zai ɗauki hoton fuskar wayarsa ya tura wa jama'a, ya ce ya raba shafinsa. Malam, hoto ka raba. Wanda ya samu ya danna har gobe, ba zai kai shi ko'ina ba, kuma mai son sa ka a shafinsa ba shi da abin sawa. Na faɗa a babin baya, ina kuma faɗa: adireshi ake turawa. Wasu kuma su ce za su rubuta shi da hannu, harafi ɗaya ya ɓace, shi ke nan an ɓata. Ku bar wannan gaggawar. Ba na son in sake ganin hoton fuskar waya a aikin gida.

Bayan ka tura, taɓa adireshin da kanka. In shafinka ya buɗe, ka yi daidai. In bai buɗe ba, koma akwatin sama, takardu biyu, danne, "Paste".

Darasi na 3: Shin "like" na ɗaga shafi?

Kai tsaye dai, a'a. Tun 2014 wani jami'in Google na lokacin, Matt Cutts, ya bayyana cewa yawan "like" a Facebook ko mabiya a Twitter ba shi suke ƙirgawa ba. Saƙon WhatsApp kuwa a kulle yake, Google ba ta karanta shi.

To me ya sa muka sha wahalar darasi na 2? Saboda mutane. In adireshinka ya yawata, zai faɗa hannun sakataren ƙungiya ko ɗan jarida mai shafi, ya sa shi a nasa. Wannan ce shaidar da Google ke gani. Wasu kuma za su riƙe sunanka su neme ka da kansu.

Darasi na 4

Za a zo muku da tayin sayar da linki dubu a kuɗi kaɗan, wato a sa adireshinku a shafuka barkatai. Kada ku saya. Tun 2012 Google ta fito da tsarin Penguin don maganin irin wannan maguɗin, kuɗinku ne kawai zai tafi.

Aikin gida: kowa ya tura adireshin shafinsa ga mutum biyar, ɗaya daga cikinsu mai shafin kansa. A zo da wayar a aji na gaba in duba.