Yadda Ake Shirya wa Kwastoma Tafiyar Hutu Ba Tare da An Juyo da Shi Daga Ikeja Ba

Yara da yawa suna zuwa ofishinmu a Agege su ce oga a koya mana harkar ejan tafiye-tafiye, kuma kusan dukkansu abu ɗaya suke fara tambaya, ina ake samun tikiti mai arha. To tikiti shi ne abu na kusan ƙarshe. Duk wanda na gani ya kwana ciki a sana'ar nan da tikiti ya fara.

Farko ka zauna da mutumin ka yi masa tambayoyi har ya gaji. Su nawa ne, da Hajiya da yara ne ko shi kaɗai, kwana nawa, nawa ya ware, kuma hutun ne zalla ko akwai saro kaya a ciki, don mutanenmu na Alaba Rago da Mile 12 yawanci in sun ce hutu to rabin tafiyar kasuwa ce, wannan kuwa shi zai faɗa maka unguwar da za ka kama otal da kilo nawa za ka nema a jirgi. Maganar kuɗi kar ka ji kunyarta. Ka ce Alhaji a faɗa min gaskiyar abin da aka ware don in san inda zan dosa. Ni ban taɓa fara aiki ba sai an biya kuɗin hidimata, kaima ka yi haka, in ba haka ba za ka ɓata kwana uku kana lissafi ya ɗauki takardar ya kai wa wani.

Na biyu ka karɓi fasfo ka duba da idonka, na kowa, har na jariri. Ya kasance da sauran wata 6 aƙalla kafin ya mutu, da shafin da ba a buga komai ba. In sai an sabunta ka tura su ofishin imigireshan na Ikoyi ko Alausa ko Festac tun yanzu, ka tabbatar sunan ya yi daidai da na NIN. Sannan sunan da ke fasfo shi za ka kwafa harafi bayan harafi. Muhammad daban Mohammed daban, Aisha daban Aishatu daban, kar ka rubuta daga kanka don ka san mutum shekara goma, gyaran suna bayan an yanki tikiti kuɗi ne, wani kamfanin ma ba ya gyarawa.

Sai biza, nan ne zan daɗe don nan na taɓa ƙonewa. Ka raba ƙasashe kashi-kashi a kanka. Ƙasashen ECOWAS kamar Ghana, Benin, Senegal da Gambiya ba biza har kwana 90, Kwatano ma ta Seme za a bi a mota. Ruwanda a filin jirgi ake buga wa mutum. Turai ta Schengen kuwa, wato ƙasashen da biza ɗaya take shiga dukkansu, kuɗin bizar babba yuro 90 ne tun 2024, da inshorar lafiya da za ta iya ɗaukar nauyin magani har na yuro 30,000, ana iya nema tun saura wata 6 a tafi, don haka ba dalilin jira sai saura sati biyu. Dubai ka riƙa bincikawa duk lokacin da aiki ya zo, sun rufe wa 'yan Najeriya biza a 2022 sai 2024 aka buɗe, dokokinsu suna canzawa.

Amma wadda take kama sababbi ita ce bizar tsayawa a hanya, tiransit. Shekarata ta biyu a aikin nan na haɗa wa wani bawan Allah tafiya Santanbul shi da iyalinsa su biyar, bizar Turkiyya ta fito lafiya, sai na ga tikiti mai sauƙi da zai tsaya awa uku a wani birni na Turai maimakon jirgin da ke tafiya kai tsaye, na yi murna zan rage masa kuɗi na yanka. Ban san cewa mai fasfon Najeriya yana buƙatar bizar tiransit ko da ba zai fita daga filin jirgi ba a ƙasashen Schengen, haka ma Ingila, sai dai in yana da wata bizar mai rai irin ta Amurka ko Kanada. A kanta a filin jirgin Ikeja aka tsayar da su da akwatunansu, yara sun sha kwalliya an yi sallama da dangi. Ƙarfe tara na dare ya kira ni, bai zage ni ba, cewa kawai ya yi malam yanzu me zan faɗa wa yaran nan. Wallahi har yau in na tuna raina yana ɓaci. Motata na sayar na cike masa, kuma bai sake dawowa ba. Tun daga nan dokata ita ce ta Addis Ababa ko Doha ko Alƙahira ko Nairobi, ko jirgi kai tsaye, kuma ko nan ɗin ma sai na duba ƙa'idar ranar kafin in danna komai. Ka kuma guji haɗa tikiti biyu na kamfanoni daban-daban don arha, in sai mutum ya karɓi kayansa ya sake awo to sai ya shiga ƙasar ke nan, shiga ƙasa kuwa biza ce.

Kar ka yanki tikiti kafin biza ta fito. Ka kama kujera kawai ba tare da yanka tikiti ba a manhajar ejan-ejan irin Amadeus ko Sabre ko wadda ofishinku yake amfani da ita, in ba ka da lasisin IATA, wato ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, ka bi ta hannun mai shi, kusan kowa haka ya fara. Otal ma ka kama wanda ake iya sokewa kyauta ko da ya ɗan fi tsada. Farashin da za ka ba kwastoma ka rubuta masa a WhatsApp cewa na awa 24 ne, tun da aka saki naira a 2023 lissafin safe ba ya kai yamma wani lokacin. Disamba da dogon hutun makaranta na Agusta kujeru suna ƙarewa da wuri, saura wata uku ya kamata a ce an gama magana.

Wajen otal ka duba nisan masallaci da inda za a samu abincin halal, ka sa musu da karin kumallo, mai yara kuma ka nemo ɗaki mai ɗan kicin. Yawancin otal sai ƙarfe biyu ko uku na rana suke ba da ɗaki, in jirgi zai sauka da asuba ka biya daren da ya gabata kawai. Wuraren yawo kar ka cika, biyu a rana sun isa, ranar farko a bar su su yi barci.

Sauran kuma katin allurar shawara mai ruwan ɗorawa, wasiƙar amincewar uba ko uwa in ɗaya ne zai tafi da yara, motar da za ta ɗauke su a can da lambar direban. Ka buga komai a takarda ka kuma tura a waya. Ranar tafiya su isa filin jirgi saura awa huɗu, ka ƙara musu lissafin goslon Oshodi, wayarka kuma ta kwana a kunne har sai sun turo maka sun shiga ɗaki.